Uwar Tsimin Shayi a Kan Rauni: Ƙiyasin da Bai Cika Sharaɗi Ba

Duk wanda ya san noman rani a Makera, a gefen madatsar ruwa ta Zobe, ya san rauni abokin aikin manomi ne. Yau fartanya ta sari ƙafa, gobe lauje ya yanki yatsa, jibi salansar babur ta ƙona ƙwaurin yaro. Kafin a kai ga babban asibitin Dutsin-Ma ko na Kurfi, sau da yawa an riga an shafa abin da hannu ya kai gare shi: garin bagaruwa, gishiri, man goge haƙori, har da baƙin man inji. Yanzu kuma wayar salula tana nuna wa matasa wani sabon magani daga ƙetare, wato uwar tsimin shayi.

Abin da ake kira kwambuca shayi ne mai sukari da ake tsimawa mako ɗaya zuwa biyu. An daɗe ana shan sa a Sin da Rasha. Yis yana cinye sukarin ya fitar da 'yar giya kaɗan, wasu ƙwayoyin bakteriya kuma su mai da ita ruwan tsami irin na khal. Suna cikin wannan aiki ne suke saƙa wata fata mai santsi da kauri a saman ruwan. Ita ce uwar tsimin, kuma ita ake cewa a ɗora a kan ƙuna ko gyambo.

Masu wannan da'awa suna da hujja mai kama da gaskiya. Tun shekarun 1980 aka fara sarrafa irin wannan fata a Brazil, da sunan Biofill, ana rufe ƙuna da ita a asibitoci, domin tana riƙe danshi kuma tana rage raɗaɗi. Sai su ce: tun da likita yana amfani da ita, me zai hana uwar gida?

Ɗalibin usulu ya san sunan wannan: ƙiyasi tare da bambanci. Ta asibiti ana dafa ta a sinadari har duk wata ƙwayar halitta ta mutu, a wanke, a tsarkake, a rufe a leda. Ta cikin kwalbar ɗaki kuwa a raye take, ɗauke da yis da bakteriya da ragowar sukari, da duk abin da ƙura ko hannu ko ƙuda suka zuba mata. Tsaminta yana kashe wasu ƙwayoyin cuta, amma ba ya iya wa masu ɓuya cikin ɓawo mai tauri, irin na cutar sarƙe-haƙora da na antiraks, wadda makiyaya ke kira ciwon saifa.

An taɓa ganin haka. A shekarar 1998 mujallar likitocin Amurka, JAMA, ta buga labarin mutum 20 a Iran da antiraks ta kama fatarsu bayan sun shafa uwar tsimin da aka raina cikin ƙazanta. Wannan ba tatsuniyar nesa ba ce ga mai kwana gida ɗaya da tumaki da shanu: a watan Yulin 2023 hukumomi sun tabbatar da ɓullar cutar a wata gona da ke Suleja, a Jihar Neja.

Musulunci ya yi umarni da neman magani, kuma ya hana mutum cutar da kansa ko waninsa. Bukhari ya ruwaito daga Sahlu bin Sa'ad yadda aka yi jinyar raunin Manzon Allah (SAW) a ranar Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira. Nana Faɗima tana wankewa, Sayyidina Ali yana zuba ruwa daga garkuwa. Da ta ga jinin ƙaruwa yake yi, sai ta ƙona guntun tabarma ta manna tokar, jinin ya tsaya. A lura da jerin: wanki ne farko, sa'an nan abin da ya fito daga wuta nan take. Ta zaɓi mafi tsabtar abin da ke fagen yaƙi. Mafi tsabtar abin da ke hannunmu yau shi ne ruwa mai kyau da bandeji.

Saboda haka, idan rauni ya auku, a wanke hannu da sabulu, a danne wurin da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya, a ɗauraye shi da ruwan da aka tafasa ya huce, a rufe. Ƙuna kuwa a yi ta kwarara mata ruwa mai sanyi na minti 20, ban da ƙanƙara, kada a fasa ƙurjin. A garzaya asibiti idan yankan ya yi zurfi, ko ƙasa da taki sun shiga, ko dabba ce ta yi cizo, domin a duba buƙatar allurar sarƙe-haƙora. Haka nan idan wurin ya kumbura, ya fara mugunya, ko zazzaɓi ya biyo baya. Mai ciwon sukari kada ya jira ko kwana ɗaya da rauni a ƙafa, domin daga ƙaramin yanka ake kaiwa ga yanke ƙafa.

Jiki amana ne, na yaro kuma amana ce biyu a wuyan mahaifansa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kiyaye mu daga maganin da ya fi cutar illa.