Yadda Shuka Ke Kare Kanta Daga Fari

Manoman da suka ga farin 1972 da 1973, da kuma na 1983 da 1984, sun shaida yadda masara ta ƙone a wurare da yawa alhali gero da dawa na maƙwabtaka sun ɗan jure. Dalilin wannan yana cikin ganye.

A jikin kowane ganye akwai ƙananan kafofi dubbai waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Ta nan iskar da shuka ke haɗa abincinta da ita ke shiga, ta nan kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na ruwan da saiwa ta zuƙo ke fita ya bi iska. Kowace kafa tana da ƙwayoyin halitta biyu masu tsaronta. In sun cika da ruwa sai su bankare, kafar ta buɗe.

Idan ƙasa ta fara bushewa, saiwa ce ke fara ji, sa'an nan ta aika da saƙo sama. Shuka sai ta ƙara yin wani sinadari da masana ke kira asid na absisik, wanda aka fara tacewa daga ƙwallon auduga a Amurka a 1963. Sai a 2009 aka gano furotin ɗin da ke karɓarsa. Da zarar sun haɗu, sukan danne wani furotin mai hana ruwa gudu, wannan kuwa ya saki na uku, shi kuma ya buɗe hanyoyin da gishirin fotash da ire-irensa ke ficewa daga masu tsaron. Ruwa ya bi gishirin, masu tsaro su saki jiki, kafa ta rufe cikin mintoci. Har wa yau sinadarin yana tayar da waɗansu ƙwayoyin gado, su sa shuka ta tara sukari da makamantansa domin riƙe sauran ruwan.

Amma dabarar tana da tsada. Kafar da ta rufe ba ta shigar da iska, saboda haka haɗa abinci ya tsaya, ganye kuma ya yi zafi. Dawa tana naɗe ganyenta, tana da farin kakin da ke rage asarar ruwa, kuma tana iya dakatar da girma har ruwa ya dawo. Masara kuwa, in fari ya same ta lokacin da take fid da gemu, gemun yakan makara har bununi ya zube, sai a sami goyo babu ƙwaya.

Don haka mai noman rani kada ya bar masara da ƙishirwa a wannan lokaci, ko da zai rage ban ruwa a baya. Ganyen da ya naɗe da tsakar rana ya ware da yamma bai kai ga halaka ba. Wanda ya kwana ya tashi a naɗe shi ne abin tsoro. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, da ta IITA a Ibadan sun fitar da irin masara mai jure fari, ana iya tambayar malamin gona a kansa.