Tsarki Kafin Hadaya: Yadda Kiristocin Habasha Suke Tuba

Da asubahin Lahadi, a Addis Ababa ko Gondar ko wani ƙauye a tsaunukan Tigrai, sau da yawa masu ibadar da ke tsaye a farfajiyar coci sun fi na ciki yawa. Suna lulluɓe da farin mayafin auduga, wasu sun jingina goshi da bango, wasu sun tsaya can bakin ƙofa. Ba ƙarancin wuri ne kaɗai ya tsayar da su ba. Da yawansu sun auna kansu ne, suka ga yau ba su da tsarkin shiga: wani ya kwana da iyalinsa, wata tana al'ada, wani ya riga ya karya kumallo, wani kuma yana ɗauke da laifin da bai faɗa wa firist ba tukuna.

Ikilisiyar Otodoks ta Habasha, wadda ake kira Tewahedo, tsohuwa ce ƙwarai. Sarki Ezana na Aksum ya karɓi addinin Kirista tun ƙarni na 4, kuma tana ƙarƙashin ikilisiyar Iskandariya ta Masar har zuwa 1959, lokacin da ta samu 'yancin kanta. Tushen imaninta ɗaya ne da na sauran Kirista: hadayun dabbobi da Littafin Firistoci ya tsara wa Bani Isra'ila inuwa ce, mutuwar Yesu Almasihu a kan gicciye ita ce hadayar da ta yi kafarar zunubi, sau ɗaya, ba maimaici. Inda Habashawa suka bambanta shi ne ba su ajiye ladubban Tsohon Alkawari ba. A ganinsu, in hadayar tana da girma haka, ba a tunkarar ta da garaje.

Ginin cocin ma yana faɗin wannan. Kashi uku ne, a ƙauyuka galibi zagaye cikin zagaye. Na waje na mawaƙa ne masu ganga da sandunan addu'a. Na tsakiya nan ake ba da Jibin Ubangiji. Can ƙurya kuwa, wurin da ake kira maƙdas, firistoci da dikinoni kaɗai ke shiga, domin nan tabot yake, allon itace ko dutse mai wakiltar allunan da ke cikin Akwatin Alkawari. In babu shi, ginin bai zama coci ba. Ko an fito da shi ranar idi, a nannaɗe yake cikin tufa mai ado a kan firist. Kowa kuma yana tuɓe takalmi a ƙofa, kamar yadda aka umarci Musa a gaban kurmi mai cin wuta.

Gurasar Jibin, wanda suke kira ƙurban, ba daga kasuwa take zuwa ba. A gabashin cocin akwai ɗan ɗaki mai suna Baitalami, inda dikinoni ke toya ta, a jiƙa busasshen inabi a matse ruwansa. Mai karɓa yana zuwa da azumi, in ya karɓa ya rufe baki da gefen mayafi, ba ya tofar da yawu a ranar.

Tsarkin yana farawa tun daga haihuwa. Ana yi wa jariri namiji baftisma a kwana 40, mace a kwana 80, a ɗaura masa zare a wuya, mateb, wanda zai zauna da shi har mutuwa. Kusan kowane gida yana da firist nasa da ake kira uban rai. Shi ke ziyartar gidan, ya yayyafa tsattsarkan ruwa bayan haihuwa, shi kuma ake faɗa wa zunubi a asirce. In ya saurara, sai ya yanka wa mai tuba kwanakin azumi, ko adadin sujada, ko sadaka. A kan hanya ma, mutum yakan tare firist ya sumbaci gicciyen hannunsa ya ce a kwance shi, firist ya amsa: Allah ya kwance ka. Zunubi a wurinsu ɗauri ne.

Amma tubar da ta fi bayyana ita ce ta ciki da gwiwa. Ana azumin Laraba da Juma'a kusan duk shekara, ga wasu azumai a lokuta daban-daban, sannan babban azumi na kwana 55 kafin Ista, wadda suke kira Fasika. Babu nama, babu madara, babu ƙwai, babu man shanu, masu tsanantawa kuma ba sa sa komai a baki sai ƙarfe uku na yamma, sa'ar da Linjila ta ce Almasihu ya cika. Mahauta Kirista da yawa suna rufe shago har azumin ya wuce.

Makon ƙarshe shi ne mai nauyi. Mutane suna barin gaisuwar sumba don tuna sumbar da Yahuza ya ci amanar Almasihu da ita. Ranar Alhamis ana cin gulban, dafaffen alkama da wake, abinci marar ado. Ranar Juma'a, Siklet, jama'a suna wuni a coci suna sujada, su faɗi su tashi, su faɗi su tashi, har gumi ya jiƙa mayafi, suna roƙon jinƙai. Da yamma kowa ya matso gaban firist, shi firist ɗin ya ɗan taɓa bayansa da reshen zaitun, tunawa da bulalar da aka yi wa Almasihu, ya faɗa masa yawan sujadar da zai ƙara. Akwai waɗanda daga nan ba ci ba sha sai daren Lahadi. Duk wanda ya ga tsohuwa mai ciwon gwiwa tana cika nata lissafin ba zai ce wannan al'ada ce ta ganin ido ba.

Akwai dai abin da ke damuna a cikin wannan kyakkyawan tsari. Tsoron rashin cancanta ya yi ƙarfi har galibin masu karɓar ƙurban yara ne da tsofaffi. Mutum yakan daina tun yana saurayi, ya yi shekaru yana azumi da sujada, bai koma ba sai furfura ta fito. Malaman ikilisiyar da kansu suna wa'azi a kan haka, suna kiran matasa da ma'aurata su tuba su matso, kuma ina ganin gaskiya ce da su, tunda dai don masu zunubi aka yi hadayar.

Wajen ƙarfe uku na daren Fasika ake sallamar jama'a, su koma gida su buɗe baki da miyar kaza mai yaji, doro wat. Da gari ya waye a yanka tunkiya, ko maƙwabta su haɗa kuɗi su sayi sa, a kasa naman daidai wa daida, abin da suke kira ƙirca. Ana yankan da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, kuma baƙo zai iya ɗaukar sa layya ce. Firist zai gyara masa: wannan naman murna ne da ciyar da maƙwabci da matalauci, jinin dabbar ba ya ɗauke zunubin kowa.