Kamfanin LLC a Amurka: ina gaskiyar take?

Magana ta bazu a tsakanin matasan da ke sana'a ta intanet cewa mutum yana zaune a Kano ko Maraɗi zai iya buɗe kamfanin LLC a Amurka. Wannan gaskiya ne. Ba a neman ka zama ɗan ƙasa, ba a neman ka taka Amurka da ƙafarka. Jiha ce ke yi wa kamfani rajista, shi ya sa ake yawan jin sunan Delaware da Wyoming, jihar da ta fara kafa dokar LLC a 1977. Sharaɗin da babu makawa shi ne ka ɗauki wakili mai adireshi a jihar, wanda zai riƙa karɓar takardun hukuma da na kotu a madadin kamfanin. Lambar haraji ta EIN ma baƙo na samunta daga hukumar IRS ta hanyar cike fom ɗin SS-4.

Batun cewa kamfanin zai samar maka biza kuwa ƙarya ce. Takardar kamfani ba ta ba kowa izinin shiga ko zama a Amurka. Bizar masu zuba jari ta E-2 ta 'yan ƙasashen da suka ƙulla yarjejeniya da Amurka ce. Kamaru na ciki, Najeriya da Nijar ba sa ciki. Asusun banki ma ba ya zuwa tare da rajista, banki na iya ƙin ka.

Jita-jitar da ta fi damuna ita ce ta "ai babu haraji". Akwai ƙanshin gaskiya a cikinta, domin wanda ke aikinsa duka daga wajen Amurka yana iya kasancewa ba ta binsa harajin kuɗin shiga. Sai dai rashin biya daban, rashin kai rahoto daban. Tun daga 2017, LLC ɗin da baƙo ɗaya ya mallaka dole ya miƙa fom mai lamba 5472 a duk shekarar da kuɗi suka gilma tsakaninsa da mai shi, ko da kuɗin buɗe kamfanin ne kawai. Tarar rashin miƙawa dala 25,000 ce. Masu tallar "buɗe maka kamfani cikin sauƙi" ba kasafai suke ambatar wannan ba, alhali ga mai ƙaramin jari nan ne gizo ke saƙar.

Yawancin jihohi ma suna karɓar kuɗin shekara ko ba a yi ciniki ba, kuma hukumar harajin ƙasarka tana nan da haƙƙinta a kan abin da ka samu.