Tafiyar Ƙasa a Bakin Tekun Ingila

Yau za mu leƙa kudu maso yammacin Ingila, inda akwai wata hanyar ƙafa da ake kira South West Coast Path. Ta taso daga garin Minehead, ta zagaye yankunan Devon da Cornwall, ta dire a Poole. Tsawonta kilomita 1,014 ne, wato kusan nisan Kano zuwa Legas. Kuma da ƙafa ake takawa, 'yar uwa, ba a mota ba.

To, me ya kai mutane yin hanya a kan duwatsun da suka miƙe kamar bango, teku na dukansu daga ƙasa? Asalinta ba na yawon shan iska ba ne. A da can 'yan fasa-ƙwauri kan shigo da taba da ganyen shayi da barasa cikin dare don gudun haraji, su sauke a lungunan gaɓar teku. Sai hukuma ta sa masu gadi su riƙa sintiri, kuma dole mai gadi ya leƙa kowane lungu da idonsa. Shi ya sa hanyar ba ta yanke, duk inda gaɓa ta lanƙwasa ita ma sai ta lanƙwasa. A 1978 aka kammala haɗa sassanta ta zama hanya guda.

Nan wahalar take. Duk inda rafi ya shiga teku, sai kin gangara har ƙasa, ki tsallaka, ki sake hawa ɗaya gefen. Wani wurin a yini ɗaya sai ki yi haka sau goma. Idan aka tara hawan duka, ya kai mita 35,000, kusan hawa dutsen Everest sau huɗu ke nan. Kuma gangarar ta fi hawan cin gwiwa, balle da jaka a baya. Mai tafiya a tsanake kan yi mako bakwai zuwa takwas. Yawancin mutane kuwa gutsura suke yi, mako ɗaya bana, mako ɗaya baɗi, har su gama. Ni dai a ganina wannan ya fi dacewa da mace mai gida da yara.

Kyau kam akwai shi: furanni a kan tudu, tsuntsayen ruwa, ƙauyukan masunta, da tsofaffin gine-ginen ma'adinan kuza a Cornwall. Amma kada kyan ya ɗauke miki hankali. Teku kullum cin gindin dutsen yake, ruwan sama kuma na jiƙa shi daga sama. Sai ki ga ciyawa shar a baki, alhali ƙarƙashinta rami ne. Don haka ba a matsawa baki don ɗaukar hoto, ba a kuma zama a gindin dutse don neman inuwa. A 2012 dutse ya rufto a Burton Bradstock ya kashe wata matashiya da ke tafiya a bakin ruwa. Sannan ruwan teku yana cikowa yana janyewa sau biyu a kwana guda. Rairayin da kika taka da safe, da rana ya zama ruwa. Kafin ki sauka ƙasa, duba jadawalin cikowarsa tukuna.

Wannan zaizayar ce dai ta fito da sunan wata mace. A garin Lyme Regis da ke kan hanyar aka haifi Mary Anning a 1799, 'yar talakawa, ubanta kafinta. Bayan kowace guguwa takan fita neman ƙasusuwan halittun da suka zama dutse, ta sayar su ci abinci. Tana da shekara kamar 12 ita da yayanta suka tono ƙwarangwal ɗin wata ƙatuwar dabbar ruwa da ta ƙare tun fil'azal. A 1833 ƙasa ta zaftaro ta kashe karenta a gabanta, ita ta tsallake rijiya da baya. Masana sun yi ta rubutu da abin da ta tono, sau da yawa ba su ambace ta ba, ƙungiyarsu ta Landan ma ba ta karɓar mata a lokacin. Sai a 2022 aka kafa mutum-mutuminta a garin, tana fuskantar teku, guduma a hannu, karenta a gefe.