Ɗaukar Hoton Mutane a Titi da Waya: Ta Ina Za Ka Fara?

Akwai irin hoton da ba a cewa "tsaya, yi murmushi". Mai shayi yana zuba ruwan zafi daga sama, ɗan acaɓa yana ƙirga canji, tsoho ya kara rediyo a kunne a bakin kasuwa, ka kama su a yadda suke. Bafaranshe Henri Cartier-Bresson ne ya fi shahara da wannan salo, da 'yar kyamararsa ta Leica, kuma littafin hotunansa na 1952 har yau masu hoto suna komawa gare shi.

Wayar da ke aljihunka ta isa. Sai dai kuskuren da kusan kowa ke fara yi, har da ni, shi ne tsayawa daga nesa a jawo hoton da yatsu biyu. A yawancin wayoyi wannan jan ba tabaran kyamara ne ke matsowa ba, manhajar ce ke yanko tsakiyar hoton ta hura shi, shi ya sa fuska ke fitowa kamar zanen da ruwa ya taɓa. Babbar kyamarar waya tana ganin fili da faɗi, kusan milimita 24 zuwa 26 a lissafin tsofaffin kyamarori, alhali Cartier-Bresson yawanci da 50 yake aiki. Ke nan kai dole ka matso fiye da shi, taku uku ko huɗu tsakaninka da mutum. A nan ne gaba ke faɗuwa, kuma babu saitin da zai magance maka wannan.

Saitin kansa ba shi da yawa. Kashe filasha. A yawancin wayoyin Android, danna maɓallin kunna waya sau biyu yana buɗe kyamara, kuma maɓallin ƙara sauti yana ɗaukar hoto, ba sai ka laluba allo ba. Idan kyamararka tana da sashen Pro, sa gudun ɗauka a 1/250 ko 1/500 na daƙiƙa da rana, don mai tafiya kada ya fito a dushe. Ka fita da safe ko bayan la'asar; rana tsaka hula tana jefa inuwa a ido.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne daina farauta. Ka sami wuri mai haske mai kyau, ka sayi shayi, ka zauna. Cikin minti goma mutane sun saba da kai, sai hoton ya zo ya same ka. Vivian Maier, wata mai renon yara a Chicago ta Amurka wadda aka gano dubban hotunanta a wani gwanjo a 2007, tana rataye kyamarar Rolleiflex ne a ƙirji tana kallon ƙasa, ba ta ɗaga ta zuwa fuskar kowa. Riƙe waya a daidai ƙirji yana rage tsangwama haka nan. Amma kada ka mayar da shi leƙen asiri. Wanda ya kama ka kana ɓoye waya ya fi wanda ya gan ka a fili fushi.

Za a gan ka, wannan tabbas ne. Wata rana wani dattijo mai sayar da yadi ya ce mini, "Samari, lafiya?" Na gaishe shi, na ce, "Baba, yadda kake ninke shaddar nan ce ta burge ni," na nuna masa. Ya yi dariya, ya ce in tura wa ɗansa. Wani kuwa cewa ya yi in goge, na goge a gabansa. Idan ka goge, shiga kwandon shara na hotuna ka sake gogewa, domin iPhone da Samsung suna ajiye abin da aka goge har kwana 30.

Akwai waɗanda ni ba na ɗauka sai da izini: mata, yara, da wanda ke cikin halin da ba zai so a gan shi ba, kamar mai bara ko mara lafiya. Shingen jami'an tsaro da barikin soja kuwa, mayar da wayar aljihu.

Na ƙarshe ya shafi sana'ata. Kowane hoto yana ɗauke da ɓoyayyun bayanai da ake kira EXIF: samfurin waya, lokaci, har da wurin da aka ɗauka idan ka bar GPS a kunne. Idan ka tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto, ana cire su, amma idan ka tura a matsayin fayil, suna tafiya tare da shi, wanda ya karɓa zai iya gano rumfar mutumin a taswira. Shiga saitin kyamara ka kashe alamar wuri kafin ka fita.