Ƙididdiga da Dabara a Fagen Karawar Pokémon

Wasan Pokémon, wanda kamfanin Game Freak na ƙasar Japan ya ƙirƙira, Nintendo kuma ya fitar da shi a shekarar 1996, ya fara ne da halittu 151 waɗanda ɗan wasa ke kamawa, ya tara, ya horar, sannan ya haɗa su faɗa da na abokan hamayya. A yau adadin halittun ya haura 1,000, kuma abin da mutane da dama ke yi wa kallon wasan yara ya samar da fagen gasa a intanet, inda ake tattara alƙaluman kowace karawa, ana nazarinsu duk wata, ana kuma kafa dokoki a kansu.

Kowane ɗan wasa yana shiga fage da tawagar halittu shida, kowace halitta tana da salon hari huɗu kacal, da baiwa guda ɗaya da ke aiki da kanta, da kuma kaya guda ɗaya da ake ba ta ta riƙe. An kasa halittun zuwa nau'i 18, kuma kowane nau'i yana da wanda yake rinjaya da wanda ke rinjayarsa: ruwa na kashe wuta, wuta na cinye tsiro, tsiro na shanye ruwa, lantarki ba ya taɓa halittar ƙasa, harin ƙasa kuma ba ya samun mai tashi sama. Da yake 'yan wasan biyu suna zaɓen matakinsu a lokaci guda ba tare da ɗaya ya ga na ɗaya ba, nasara ta dogara ne ga iya karanta zuciyar abokin karawa, da kuma shirin da aka yi tun kafin a shiga fage.

Fagen gasar ya kasu gida biyu. Na farko shi ne na hukuma, wanda ake kira VGC, inda kamfanin Pokémon ke tsara dokoki, ana karawa da halittu biyu-biyu a lokaci guda, kowa ya zo da shida ya zaɓi huɗu. Na biyu shi ne na masoya wasan, ƙarƙashin wata ƙungiya mai suna Smogon da aka kafa a 2004, wadda ta fi ba da ƙarfi ga karawar ɗaya-da-ɗaya. Mafi yawan karawarta ana yin ta ne a Pokémon Showdown, manhajar kyauta da Guangcong Luo ya fara a 2011, wadda ke kwaikwayon lissafin wasan na asali, ta yadda mutum zai haɗa tawaga cikin 'yan mintoci ba tare da ya ɓata makonni yana kiwo da horarwa ba.

Da yake manhajar tana ajiye bayanin kowace karawa, duk wata ana fitar da jadawalin da ke nuna kashi nawa cikin ɗari na tawagogi ne suka ɗauki kowace halitta, da irin harin da aka ba ta, da waɗanda aka fi haɗa ta da su, ana kuma ba zaɓin ƙwararru nauyi fiye da na 'yan koyo. Da waɗannan alƙaluma ake raba halittu aji-aji, kamar yadda ake raba 'yan damben zamani bisa nauyi don kada babba ya murƙushe ƙarami. Ajin OU shi ne na waɗanda aka fi yawan ɗauka, sai UU, RU, NU da PU a ƙasa da shi, yayin da ajin Ubers ke tattare da waɗanda ƙarfinsu ya wuce kima. Ma'aunin shi ne kashi 4.52 cikin ɗari, wanda ke nufin ɗan wasa na da damar rabi da rabi ta haɗuwa da halittar aƙalla sau ɗaya cikin karawa 15. Wadda ta kai wannan ma'auni a wani aji, ba a yarda a sauko da ita ajin da ke ƙasa ba.

Kuskuren da sabon shiga ke yawan yi shi ne ɗaukar jadawalin a matsayin jerin mafiya ƙarfi, alhali abin da yake aunawa shi ne buƙata. Landorus, halittar da ta haɗa nau'in ƙasa da na tashi sama, ta shafe shekaru a sahun gaba na OU saboda tana toshe ramuka da yawa a gurbi ɗaya: lantarki da harin ƙasa ba sa taɓa ta, baiwarta tana rage ƙarfin abokin gaba da zarar ta shigo, kuma tana iya shuka Stealth Rock. Wannan hari, da ya shigo wasan a 2006, wasu duwatsu ne da ake zubawa a ɓangaren abokin hamayya, waɗanda ke cire kashi ɗaya cikin takwas na lafiyar yawancin halittun da suka shigo fage, amma Charizard, da yake ta haɗa wuta da tashi sama, rabin lafiyarta take rasawa nan take. Hari guda ɗin nan ya danne farin jinin halittu masu yawa har zuwa 2019, lokacin da aka kawo wasu takalma na musamman da ke kare mai sanye da su daga duwatsun.

Alƙaluman kuma ba sa tsayawa wuri ɗaya, domin duk halittar da ta yi tashe tana jawo maganinta. Bayan fitowar wasannin Pokémon Sword da Shield a 2019, wata halittar ruwa mai suna Dracovish ta addabi ajin OU da wani cizo da ƙarfinsa ke ninkawa idan ita ce ta fara kai hari, har ya kasance da wuya a sami mai jure shi sau biyu. Sai ga Seismitoad, wani kwaɗo da a da ba a cika kula shi a wannan aji ba, ya cika tawagogi, saboda baiwarsa tana shanye harin ruwa ta mayar da shi lafiya. Da aka haramta Dracovish a 2020, kasuwar kwaɗon ta faɗi, abin da ya nuna cewa tashensa na aro ne daga tsoron da ake yi wa wata halitta daban.

Irin wannan yanayi, inda halitta ɗaya ke tilasta wa kowa ɗaukar magani iri ɗaya, shi ne babbar hujjar da ake kafawa wajen neman haramci, kuma yawan amfani kaɗai bai isa dalili ba. Akan buɗe lokacin gwaji, duk mai son kaɗa ƙuri'a sai ya kai wani matsayi na ƙwarewa, sannan a ajin OU ana buƙatar kashi 60 cikin ɗari na ƙuri'un kafin a kori halitta zuwa Ubers.

A fagen hukuma babu irin wannan ƙuri'a, shi ya sa cunkoso kan halittu kaɗan yakan yi tsanani, kamar a gasar duniya ta 2015 a Boston, inda kusan duk waɗanda suka kai zagayen ƙarshe suka zo da Kangaskhan da Landorus. Sai dai shekara guda kafin nan, a birnin Washington, Sejun Park na Koriya ta Kudu ya ɗauki kofin duniya da Pachirisu, wani ɗan ƙaramin kurege na lantarki da kusan babu mai ɗauka. Aikinsa shi ne jawo hare-haren abokan gaba zuwa kansa, ya shanye lantarkin da aka nufi abokiyar tawagarsa Gyarados da shi, wadda lantarki ne babban rauninta, ita kuma ta sami sararin ƙara ƙarfi ta share fage. Park bai yi watsi da alƙaluma ba. Sanin abin da kowa zai zo da shi ne ya ba shi damar zaɓen abin da babu wanda ya shirya wa. Jadawalin wata-wata yana gaya wa ɗan wasa barazanar da zai fi yawan haɗuwa da ita, amma da yake abokan hamayyarsa ma shi suke karantawa, fifikon yana hannun wanda ya hango abin da jama'a za su koma ɗauka a wata mai zuwa.