Sanda ko Sitiyari: Abin da Ya Raba Airbus da Boeing

Duk wanda ya leƙa ɗakin matuƙa na jirgin Boeing zai ga sitiyari a gaban kowane matuƙi. A jiragen Airbus na zamani kuwa babu shi, wata 'yar sanda ce a gefe, kamar ta wasan gem. Kada ku ɗauka ado ne.

A da, igiyoyin ƙarfe da bututun mai ne ke kai motsin hannun matuƙi zuwa fukafukai da jela. A 1988 jirgin A320 na Airbus ya fara aiki da sabon tsari: sanda ta aika saƙon lantarki ga kwamfuta, ita kuma ta motsa fukafukan. In matuƙi ya nemi ɗaga hancin jirgi fiye da kima, sai ta ƙi. Boeing ma ya koma lantarki a jirgin 777 a 1995, amma ya bar sitiyarin biyu a haɗe. Na dama ya ja, na hagu zai ji a hannunsa.

Sandunan Airbus ba a haɗe suke ba. To, ina illar? Ranar 1 ga Yuni, 2009, jirgin Air France 447, samfurin A330, yana kan tekun Atilantika daga Rio zuwa Paris sai ƙanƙara ta toshe bututun auna gudu. Kwamfuta ta saki tuƙi, kariyar ɗaga hanci ma ta janye. Matuƙin dama ya yi ta jan sanda baya, har fukafukai suka daina ɗaukar jirgin. Abokinsa na hagu bai ji komai a hannunsa ba. Cikin minti huɗu jirgin ya faɗa teku, mutum 228 suka rasu.

Ba sanda kaɗai ce sanadi ba. Masu bincike na Faransa sun ambaci ƙarancin horo da ruɗewar matuƙan. Kuma jiragen Airbus na cikin mafiya aminci a duniya. Amma 'yan injiniyarin, musamman masu furojet a bana, ga abin lura: na'ura na iya yin daidai yadda aka tsara ta, amma ta bar mai aiki da ita cikin duhu. Kafin ka kai wa sufabaiza aikinka, tambayi kanka: ranar da abu ya ɓaci, wanda ke riƙe da shi zai gane me ke faruwa?